Doguwar Rigar Zinatu

Old Trafford, Manchester
14 ga Oktoba, 2013

Zuwa ga 'yata Turai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Ashafa da dukan mutanen gidanku na Zariya. Ni ina nan lafiya, sai ƙugun nan da ya saba yi mini gardama idan sanyi ya shigo. Yayanki Abdulsalam ya sake matsa mini in bar flat ɗina in koma wurinsu Handsworth. Na gode masa, na kuma shaida masa cewa matar da ta koyar da labarin ƙasa shekara talatin da ɗaya ba ta manta hanyar kicin ɗinta ba tukuna.

Na zaɓi in rubuto ne saboda sau biyu ina ɗauko maganar nan a waya kina kautar da ita. Uba, maƙwabcina, zai taso jibi, ya kuma yi alkawarin damƙa miki takardar hannu da hannu ranar Alhamis. Ki zauna ki karanta ta har ƙarshe.

Maganar 'yarki ce, Zinatu. Kin san tun da ta fara karatu a Birmingham ta shiga ƙungiyar ɗaliban da ke hawan igiyar teku a kan allo. Kin kuma san abin da kika faɗa mata da kika ga hotonta cikin rigar robar nan mai kama jiki: cewa ba ki yafe ba in ta ƙara shiga ruwa ba tare da ta ɗora doguwar riga a kai ba. Yarinyar ta riƙe maganarki. Da idona na gani.

Makon jiya ta lallashe ni na bi su wani bakin teku a Wales, tafiyar awa uku a mota. Wurin yashi ne zalla, babu dutse ko ɗaya. Na daɗe a tsaye ina kallo. Dama da hagu igiyoyi suna tasowa suna fashewa da farin kumfa, amma a tsakiya akwai wani ziri mai duhu, lumui, wanda ba ya ko motsi. Sai na ce a raina ga wurin da dattijuwa za ta jiƙa ƙafarta ba tare da an watsa mata ruwa a fuska ba. Na shiga, ruwan bai kai mini gwiwa ba. Turai, yashin da ke ƙarƙashin ƙafata ya fara zarewa. Zanina ya sha ruwa, ya naɗe mini ƙafafu, ya yi nauyi kamar an ɗaura mini buhu, ruwan kuma yana jansa zuwa ciki. Ban faɗi ba, amma ba da ƙarfina na fito ba. Zinatu ce ta yar da allonta ta cafko ni.

Da na huta ta yi mini bayani, tana tsokanata wai malamar labarin ƙasa ta faɗi jarrabawa. Ta ce duk ruwan da igiyoyi suka watso gaɓa sai ya nemi hanyar komawa, sai ya haƙa wa kansa kwari a cikin yashi, shi ne zirin da na ɗauka wurin lafiya. Ta ce bakin teku mai duwatsu ana haddace shi, amma na yashi ba a haddace shi, domin kowace guguwa tana kwashe kwarin ta kai shi wani wuri. Sa'an nan ta faɗi abin da ya hana ni cin abinci ranar. Ta ce su da gangan suke shiga zirin, ya ɗauke su zuwa zurfi, don su huta da tuƙi.

Na zauna na ga ta shiga. Abokanta suna faɗowa daga allo su taso nan take kamar kwalaba. Ita da ta faɗo, baƙar rigar ta buɗe a kan ruwa, ta rufe mata kai. Na ƙirga a zuciyata, sai da na kai goma sha ɗaya kafin na ga fuskarta. Ta fito tana tari tana dariya. Kocinsu, wata mata mai suna Monica, ta ja ni gefe ta ce ta yi mata magana ba sau ɗaya ba, amsar kullum ɗaya ce: uwarta ba ta yafe ba.

Ranar Asabar mai zuwa za su koma. Zinatu tana murna, wai an yi hasashen iska mai ƙarfi tsakiyar mako, igiyoyin za su ninka waɗanda na gani. Ɗakin masu ceto da ke gaɓar kuwa a kulle na same shi. An ce council, wato ƙaramar hukumar wurin, ta rage kuɗi, sun tashi tun ƙarshen Agusta. Na ce kada ta je, ta sumbaci goshina ta ce ƙawarta ta tsufa. Na ce to ta cire rigar, alhakin a wuyana. Nan ta daina dariya, ta ce ba ni na ɗaura ba, ba ni zan kwance ba.

Ban ga laifinki ba a kan son suturar 'yarki, ni na koya miki. Amma ke ba ki taɓa tsayawa cikin wannan ruwa da zani ba, ni na tsaya. Idan hana ta za ki yi baki ɗaya, hakkinki ne, ba zan ce uffan ba. Idan kuma barinta za ki yi, ki janye kalmarki ta shiga da rigar robar da hular da ke rufe gashi. Ɗaya daga cikin biyun nan, kafin daren Juma'a, da bakinki. Wannan tsakiyar da kika ajiye ta a ciki ita nake tsoro.

Tun rasuwar mahaifinki ban roƙi ɗayanku komai ba. Yau na roƙa.

Ki gai da Alhaji Ashafa, da Falalu, da Ruƙayyatu da jaririnta. Na ɗage ganin GP, wato likitana, ranar Asabar ina gaɓar da sandata. Ban iya iyo ba, Turai. Abin da zan iya kawai shi ne ƙirga.

Mahaifiyarki,
Hajiya Khadijatu Nuru