Gidan Djougou da Gonar Baba

Ganou, Parakou,
Ranar Talata.

Zuwa ga Yayata Hadjo, a Libreville.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da begen ganin fuskarki, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara. Allah Ya ƙara muku rufin asiri, Ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Ruwan farko ya sauka makon jiya, gari ya yi sanyi. Gwiwar Gwaggo Khadijat ta yi sauƙi, har tana zuwa masallacin Juma'a da ƙafarta. Ni kuma cikin ya shiga wata na bakwai. Ungozomar asibiti ta ce komai yana daidai, sai kumburin ƙafa, ta ce in rage zirga-zirga in kwantar da hankali. Ƙafar dai na iya kwantar da ita, hankalin ne ya ƙi.

Kada ki yi mamakin ganin rubutu maimakon kira. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ki, ina ajiyewa, don na san kuka zai riga maganar fita. Shi ya sa na zauna na rubuta, maƙwabciyata Bilkissou za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki.

Yaya, Tsoho Tambaya mai gidan da muke haya ya rasu bayan ƙaramar Salla, Allah Ya jiƙansa. Shekara shida muna ɗakinsa bai taɓa ɗaga mana murya ba. 'Ya'yansa sun zo daga Kutonu sun tara mu a tsakar gida, suka ce za su sayar su raba gado, sun ba kowa wata uku. Wata ukun nan zai cika ne daidai lokacin da nake sa ran sauka. Ban ga laifinsu ba, haƙƙinsu ne. Amma suna magana ni kuwa ba su nake gani ba, ranar nan nake gani, muna yara, da mai gidan da muke haya a Djougou ya zo da kafinta ya cire mana ƙofar ɗaki, kina ɗauke da tukwane a ka, ni ina riƙe da bakin zanen Inna, mutane suna kallo. Ke kin fi ni tunawa, kin girme ni. Tun ranar da na san ina da ciki nake ce wa maigidana, Malam Sahabi, ni ba zan haihu a ɗakin da wani zai iya cire wa ƙofa ba. Na faɗa da wasa, na faɗa da gaske, har na faɗa da kuka. Tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka.

Ashe Malam ya riƙe maganar. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Djougou aka yi masa canjin wurin aiki zuwa kudu, yana son sayar da gidan da ya fara ginawa. Ranar Lahadin da ta wuce muka shiga mota muka je. Ɗaki biyu ne da falo, an yi rufin kwano, ba a yi shafe ba, babu wutar lantarki tukuna, amma akwai rijiya mai ruwa da ƙaramin icen mangwaro da bai fara 'ya'ya ba. Takardunsa na meri, wato ofishin magajin gari, a cike suke, Malam ya kai wa wanda ya san kan abin ya duba. Na tsaya a tsakar gidan na ga inda zan ɗaura igiyar shanya, na ga inda zan kafa murhu. Wallahi sai da na dafa bango don kada jiri ya kwashe ni. Gidan surukata Inna Nana Aïcha ba nisa, ta riga ta fara cewa ita za ta yi mini wankan jego.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kuɗin gida a Parakou ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba, na Djougou ɗin ma ba zai samu ba sai Malam ya sayar da shanunsa gaba ɗaya, waɗanda Habou Bafillace yake yi masa kiwo a dajin Kolokondé. Kin san shanun nan su ne ƙashin bayan teburinsa na nama. Duk sanda kasuwar shanu ta yi tsada, daga cikinsu yake cirewa ya yanka, shi ya sa bai taɓa rufe tebur ba. Kuma masu sayen namansa a Parakou suke. Idan na tare a Djougou, sai dai ya riƙa zuwa ranar Juma'a ya koma Asabar, ni da jariri muna gida, shi yana kwana a shagon abokinsa.

Daga ganin gidan muka hau babur zuwa rugar Habou, a hankali saboda cikina. Habou ya tarbe mu da nono mai sanyi, yana murna yana nuna wa Malam cewa shanu uku suna da ciki, ɗaya ma farar nan ce da Malam ya fara saye tun kafin aurenmu. Da Malam ya gaya masa abin da ya kawo mu, sai Habou ya ce dukiyar mutum tasa ce, amma shi bai taɓa ganin gida ya haihu ba. Malam ya matsa kusa da shanun. Ya daɗe yana shafa wuyan farar saniyar. A hanyar dawowa ya ce mini ya yanke shawara zai sayar, namiji ba ya yi wa matarsa alkawari ya tashi. Yaya, shekara shida ina zaune da mutumin nan, na san muryarsa idan yana murna, kuma ba ita na ji ba.

Sai na ce bari in gwada ɗaya hanyar. Jiya, ba da saninsa ba, na ja Bilkissou muka zaga neman ɗakin haya. Na farko kusa da kwata yake, sauro kamar ka ɗiba da hannu. Na biyu mai kyau ne, amma mai shi ya dubi cikina ya ce shi ba ya son kukan jarirai a gidansa, da ma marasa iyali yake bai wa. Na fito ina murmushi don kada ya ga ya taɓa ni, muna shan kwana na zauna a kan dakalin wani na yi ta hawaye. Na uku yana bayan masallacin unguwarmu, ɗaki ɗaya da ɗan falo, matar gidan mutuniyar kirki ce, sai dai ta gaya mini gaskiya cewa ɗanta zai yi aure baɗi, shekara ɗaya kawai za ta iya ba mu.

Da Malam ya dawo daga kasuwa na zaunar da shi na ce ban yarda ya taɓa shanun ba, na janye maganata. Ya ce ba a janye irin wannan magana. Na ce ni na faɗa, ni kuma na janye. Muka yi ta ja, shi yana kare abin da nake so, ni ina kare abin da yake so, har Bilkissou ta leƙo tana tambaya ko lafiya. A ƙarshe ya yarda zai sayar da mazan shanun kawai ya bar matan. Sai dai hakan ba zai kai kuɗin gidan ba, malamin lakwal kuma ya ce yana jiranmu zuwa Juma'ar sama, akwai wani mai so.

Yanzu na iso inda nake ta kewayewa. Gonar Baba ta Bariénou, wadda ya bar mana ni da ke. Mutumin da yake noma doya a cikinta ya daɗe yana son saye, kuɗinta kuma zai cike abin da ya rage na gidan. Na san abin da kika ce ranar addu'ar bakwai, cewa ita kaɗai ce ƙasar da Baba ya taɓa kira tasa a duniya, kuma muddin kina numfashi ba za a sayar ba. Ban manta ba, ni ma na ce amin a ranar. Wani lokaci sai in ga kamar Baba da kansa zai ce a sayar jikansa ya samu inuwa. Wani lokaci kuma in ga son zuciyata ne nake sa wa bakin mamaci. Ko an samu gidan ma, ban san yadda zan ji da zama babu Malam kwana shida a mako ba. Ina shara ina wannan tunani, ina girki ina yi, jiya har na zuba gishiri sau biyu a miya.

Ban gaya wa Malam zan rubuto miki ba, don ba zai yarda ba. Ki yi shawara da Alhaji, ki yi istihara. Idan kin amince, Kawu Mamuda zai tsaya a madadinki wajen cinikin gonar. Idan ba ki amince ba, zan kama ɗakin bayan masallaci in haihu a can, kuma wallahi ba zai taɓa zumuncinmu ba. Abu ɗaya nake roƙo. Na san halinki, idan ba ki son abu sai ki yi ta jero addu'o'i har mutum ya gaji ya tafi. Wannan karon, idan a'a ce, ki ce mini a'a da bakinki kafin Alhamis, in san wace ƙofa zan nufa da kayana.

Ki gaishe da Alhaji Illiyasu da kyau. Ki gaishe mini da Rachidou, ki ce ya dage da karatu, da ƙaramar Khadidja da ban taɓa ɗauka a hannuna ba. Gwaggo da Kawu Mamuda suna gaishe ku, Inna Nana Aïcha ma haka. Ki sa ni a addu'a Allah Ya raba lafiya.

Taki ƙanwa mai jiran amsarki,
Zouéra.