Zuwa ga Dakta Sa'idu, Game da Igiyar da Ta Fito Babu Hamisu

Zuwa ga Dakta Sa'idu, jagoran tawagarmu ta binciken tsirran ƙarƙashin ƙanƙara, kuma wanda jami'a ta ɗora wa kula da lafiyarmu a wurin horon nutso, Kuala Lumpur.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ne Bashari, ɗalibinka na digiri na uku, wanda ka miƙa wa igiyar Hamisu ranar da ya shiga tanki. Na rubuto maka sau biyu a asirce ba ka amsa ba. Na je ofishinka, aka ce kana aiki daga gida saboda annoba. Shi ya sa na kawo maganar gaban 'yan uwa, kuma da Hausa na rubuta, don kada wani ya ce Turanci ne ya juya min baki.

Ga waɗanda ba su san zancen ba: tawagarmu ya kamata ta tafi wata ƙasa mai sanyi ta ɗebo tsirrai a ƙarƙashin tafkin da ya daskare. Annoba ta rufe iyakoki, sai aka ce mu yi horon a nan, a wani tanki mai zurfi da inji ke sanyaya ruwansa. An rufe samansa da alluna masu kauri an ɗaure su da kusoshi, an bar rami ɗaya, an rage fitilu, don ya yi kama da ainihin wurin. Wanda ya shiga ba shi da mafita sai ramin nan, kuma ba abin da zai kai shi ramin sai igiyar da ke jikinsa. Hamisu, abokin zamana a unguwar Setapak, shi ne ya fara shiga. Yau mako na biyar ke nan yana kwance a asibiti ba ya iya haɗa kalma biyu, rahotonka kuma ya ce ni na jawo.

Ranka ya daɗe, ga abin da na gani da idona.

Na ɗaya. Regileta, wato abin da mai nutso ke shaƙar iska da shi daga tukunyar da ke bayansa, iri biyu ce, kuma kai ka koya mana haka a aji. Ta ruwan ɗumi idan ta shiga ruwa mai tsananin sanyi cikinta na daskarewa, ta buɗe, iska ta yi ta bulbulowa har tukunya ta ƙare. Wadda aka ba Hamisu ta ruwan ɗumi ce, irin ta masu yawon buɗe ido, kuma tun kafin dokar hana fita rabon da a kai ta gyara. Pak Cik Azman, dattijon da ke kula da kayan wurin, ya ɗaga ta a gabanka ya ce, "Doctor, this one tak boleh, lah." Wato wannan ba za ta yi ba. Ka ce masa minti goma ne kawai. Ka koya mana cewa dole a shiga da regileta biyu, kowacce da hanyarta. Hamisu ɗaya ya shiga da ita.

Na biyu. Ƙa'ida ta ce ba a shiga ƙarƙashin rufi sai da wani mai nutso zaune a bakin rami, ya shirya tsaf cikin kayansa, yana jiran ko-ta-kwana. Ranar an ƙayyade adadin mutanen da za su shiga ɗakin saboda cutar, dole a rage mutum ɗaya. Ka sallami mai jiran, ka bar mai ɗaukar hoto, saboda kana son hotunan da za ka saka a rahoton ƙarshen zango. Ni kuma ban taɓa riƙe igiya ba a rayuwata. A tsaye ka karanta min alamomin: fizga ɗaya lafiya, fizga da yawa a jere jawo shi da duk ƙarfinka.

Na uku, kuma shi ne ke ƙona min rai. Hamisu ɗan masunta ne daga Yawuri. A gidansu idan mutum zai nutsa ya kwance tarun da ya maƙale, yana ɗaura igiya a ƙugu da wani ɗauri da ke warwarewa idan an fizge shi da ƙarfi, don kada igiyar ta sarƙe da saiwa ta riƙe shi a ƙasa. A kogi wannan ɗaurin ne ke ceton rai, domin sama a buɗe take, ko'ina ka ɓullo ka sha iska. A ƙarƙashin ƙanƙara kuwa hukuncin kisa ne. An ba Hamisu ɗamara mai ƙugiyar ƙarfe mai kulle, ya ce tana matse masa ƙirji, ya ajiye ta, ya yi ɗaurin gidansu. Ka gani. Ka yi dariya ka ce, "Ku bar shi, ɗan ruwa ne, mu ne za mu koya a wajensa." Wata uku kana nuna shi ga Turawa da Malayawa kana cewa a garinsu jarirai da iyo ake haifarsu, har shi ma ya yarda ruwa ba ya cinsa.

Na huɗu. Bai kai minti shida a ciki ba ramin ya fara tafasa da kumfa. Igiya ta fizgu a hannuna, ta sake fizguwa, ta sake. Na yi abin da ka ce. Na kafa ƙafa na ja da duk ƙarfina, sai na faɗi da baya, igiyar ta fito tana ɗigar ruwa babu kowa a jikinta.

Dakta, ka ji abin da na ji, don kana tsaye a kan allunan. Daga ƙarƙashin ƙafafunmu yake dukansu. Da hannu ya fara, sannan da tukunya, sannan da goshinsa. Ƙarar tana tafiya, tana nisa da ramin, yana neman mu a inda ba mu. Kai kana ta kiran sunansa kamar zai ji ka. Ni na ciro tukunyar kashe gobara daga bango na yi ta dukan allon har fatar tafin hannuna ta saɓule, allon ko tsagewa bai yi ba, domin kai ka sa a ƙara masa kusoshi. Pak Cik Azman, mutum mai jikoki, shi ya ɗaura igiya a ƙirjinsa ya faɗa da wandon aikinsa. Da muka jawo su, goshin Hamisu a fashe yake, farcen yatsunsa uku sun cire, kumfa mai jini tana fita ta hancinsa. Na danna ƙirjinsa har na ji haƙarƙarinsa ya karye a ƙarƙashin hannuna, ban daina ba.

Lokacin da motar asibiti ta tafi ne ka dafa kafaɗata ka ce, "Ka ja da ƙarfi da yawa, Bashari." Na shaƙe wuyan rigarka, na haɗa ka da bango, na kai maka naushi har gilashin idonka ya fashe. Ban ɓoye ba, na faɗa wa kwamitin ladabtarwa da bakina. Ka girme ni, ka koyar da ni, kuma ban kyauta ba. Amma idan na ce maka na yi nadama har cikin zuciya, na yi ƙarya.

Na biyar. Rahotonka shafi huɗu ne, na karanta shi har na haddace. Ya ce mai riƙe igiya ya yi amfani da ƙarfi fiye da kima. Babu regileta a ciki. Babu mai jiran da ka sallama. Babu ɗamarar da ke ajiye a kan benci. Hotunan da aka ɗauka kafin ya shiga, waɗanda ɗaurin ke fitowa a cikinsu ƙuru-ƙuru, an ce sun goge. Manyanmu na ƙungiyar 'yan Arewa da ke nan sun zo Setapak sun zaunar da ni sun ce in sa hannu, wai kada mu tona asirin ɗan uwa a ƙasar mutane, wai jami'a za ta daina ɗaukar 'yan Arewa. Ɗaya har cewa ya yi, "Just sign, lah, ƙaddara ce." Na yarda da ƙaddara. Amma ba ƙaddara ce ta rubuta shafi huɗu ba.

Ni ma ina da nawa laifin, kuma zan faɗe shi. Na ga ɗaurin nan. Zuciyata ta ba ni ba daidai ba ne. Na yi shiru saboda babba ya riga ya yi magana, kuma an tarbiyyantar da ni ba a gyara wa malami zance a gaban baƙi. Wannan kunyar ce nake kwana nake tashi da ita. Ba a barin kowa ya shiga asibitin, sai wata ma'aikaciyar jinya ke tausaya min ta nuna min shi ta waya. Yana gane ni, yana motsa baki, maganar ba ta fita.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka janye rahoton nan, ka rubuta abin da ya faru yadda ya faru, har da shirun da na yi. A rufe tankin har sai an kawo regileta ta ruwan sanyi, biyu ga kowane mutum, an kuma dawo da mai jira a bakin rami. A hana kowa shiga ba tare da ɗamara da ƙugiya mai kulle ba, ko da a cikin kogi aka haife shi. A kuma daina tsorata Pak Cik Azman da maganar kora, domin shi kaɗai ne a cikinmu ya yi abin da ya kamata.

Mahaifin Hamisu ya kira ni shekaranjiya daga Yawuri. An riga an karanta masa rahotonka. Na ɗauka zagina zai yi. Sai ya sa na kwatanta masa ɗaurin, na kwatanta. Da na gama ya ce, "Wannan ɗaurina ne, ni na koya masa. Ba laifin mai ja ba ne, ɗana. Amma a wajenmu yaro ba ya shiga ruwa sai babba ya duba ƙugunsa. Wane ne babba a wurin?" Na ce masa layin ba shi da kyau, na kashe wayar. Har yanzu ina rufa maka asiri, ka gani.

Daga baya ya aiko min da saƙo cewa zai sake kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kana da kwana uku ka riga ni kiransa. Idan ba ka yi ba, zan faɗa masa sunanka.

Allah Ya ba Hamisu lafiya, Ya yaye mana wannan annoba. Kai kuma Allah Ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya, Ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Bashari,
Setapak, Kuala Lumpur.