Na Sa An Goge Guɗar Ƙanwata Daga Kaset

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, da baki na faɗa wa waya, mai shafi ya mayar rubutu, kuma a sakaya sunana. Mai niyyar zagina ya haƙura ya kai ƙarshe tukuna, don na isa in haifi uwarsa.

Mu biyu uwarmu ta bari, ni da ƙanwata da aka kai aure Madabo, muke ce mata Ta-Madabo. Ni Allah ya ba waƙa, ita ya ba ta guɗa. Duk gidan biki a cikin gari tare ake kiran mu. In wuni ina rera wa amarya har maƙogwarona ya bushe, ita ta kama hanci ta rangaɗa sau uku, shi ke nan an manta da ni. A lungu sai ka ji mata suna cewa, "Kin ji guɗar Ta-Madabo kuwa?" To ni fa? Bango ne ya yi waƙar?

Ranar kamun 'yata ta fari, wani ɗan'uwa ya ajiye rikoda ya ɗauka a kaset. Akwai baitin da na yi wa mahaifiyarmu, wadda ba ta daɗe da rasuwa ba, kwana bakwai ina shirya shi. Ina kawowa kansa sai ƙanwar nan tawa ta saki guɗa a kaina, doguwa, ta ƙi tsayawa, har wurin ya wuce ba wanda ya ji ni. Ban ce mata komai ba, ban kuma yafe ba. Haka muka tsufa, muna gaisawa sama-sama, har Allah ya ɗauki ranta.

Ana nan, ana nan, jikata, 'yar waccan amaryar, bari in ce mata Ummi, ta tashi mawaƙiya. Ta tono kaset ɗin a ƙasan akwatina ta ce za ta sa muryata a cikin waƙoƙinta. An juye, an haɗa, saura aikin ƙarshe da suke cewa mastarin, wai kamar bugun da ake yi wa shadda ne bayan rini, don ta yi ƙyalli. Ta kai situdiyo uku, kowa ya gyara farkon waƙar kawai, ba a kai wurin baitin ba, don a ga hannunsa. Ta ce, "Hajiya, kunnenki ne ya san ranar, ke za ki zaɓa." Ta ɗora ni a adaidaita muka zaga.

Na farko ya ƙure ƙara har kiɗan ƙwarya ya koma kamar ana dukan ƙyauren gareji, ban ko zauna ba. Na biyu wajen Ƙofar Kabuga yake, mai saurin hannu, ya wanke kaset ɗin tas, shuuu ɗin nan ya tafi. Ya ce, "Mama, akwai wani fito da rikodar ke yi can sama, na aske shi." Na san abin da ya aske. Na uku a Ƙofar Nassarawa, dattijo ne mai furfura a gemu. Yana kunnawa sai ga tsakar gidanmu ta dawo, ƙwarya, tafi, har kukan akuyar maƙwabta, sai kuma ga Ta-Madabo tsaye a kaina kamar ba a taɓa binne ta ba. Ummi ta dafe ƙirji ta ce, "Hajiya, wannan ba guɗa ba ce?"

A nan na yi abin da ya kawo ni gare ku. Na ce, "Wace guɗa? Wallahi tallahi ranar ba wadda ta yi guɗa, muna cikin jimamin uwarmu aka hana. Kukan kaset ne."

Dattijon ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, kaset ba ya jan numfashi. Saurara." Ya mayar baya. Na ji ta ta ja iska kafin ta saki, yadda take yi tun muna 'yan mata.

Na ce, "Malam, kai ka halarci bikin ko ni? Ka kulle kanka a ɗakin da aka manne da soso kana koya wa tsohuwa bikin 'yarta?"

Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya." Wannan ladabin ya fi mari ciwo. A hanya na ce wa Ummi mutumin bai san aiki ba, ga raini, ta kai wa na Kabuga. Ta yarda, don ba ta taɓa jin na rantse a kan ƙarya ba. Ta kuma faɗa wa abokan waƙarta, har biyu sun janye aikinsu daga wurinsa.

Shekaranjiya aka kawo waƙar cikakkiya. Na gyara zama, yau dai duniya za ta ji baitin uwata. Aka zo wurin, guɗa ta tafi, sai abin da ke ƙarƙashinta. Kalma biyu na faɗa, muryata ta karye. Sai shessheƙa. Sai inda-inda. Jama'a, babu baiti! Na manta shi a ranar, kuka ya ci ƙarfina a gaban dangin ango, ita Ta-Madabo ta ga bakina yana rawa ta rufe ni da guɗa. Abin da na riƙe ta da shi tsawon rayuwa, ban taɓa rera shi ba.

Kada ku zaci na yi laushi. Haushinta ma ƙaruwa ya yi. Wa ya aike ta? Me ya hana ta buɗe baki sau ɗaya ta ce, Yaya, ke kika manta? Ta bar ni ina amsa gaisuwarta a daƙile, ita tana kawo min dambu tana murmushi. Ko a kabari sai ta fi ni? Shi ma dattijon, da ya yi min rashin kunya da na samu abin kamawa.

Ummi kuwa cewa ta yi, "Hajiya, kukan nan naki shi ne waƙar." Ranar Asabar za a taru a gidana a saurara kafin a sake ta. Jiya Binta ta bugo, 'yar Ta-Madabo ɗaya tilo. Ta ce, "Inna, Umma ta sha ce min guɗarta na cikin kaset ɗin nan. Ba ni da muryarta ko'ina. Zan zo da yara su ji kakarsu."

To ga ni. Ko in zaunar da jikata in ce kakarki ta rantse da Allah a kan ƙarya, in ja ƙafa zuwa Ƙofar Nassarawa in durƙusa wa wanda na ɓata wa suna, a dawo da guɗar ta sake hawa kaina har abada. Ko in yi shiru, Asabar in kalli idon Binta in ce uwarki ce ta yi miki ƙarya. Kwana biyu suka rage, kuma har yanzu bakina ya ƙi furta ko ɗaya.

Ku da kuka yi karatu, me zan yi?