Ƙorafin Tsohon Ma'aikacin Masaƙa Kan Kwamfutar da Ke Sabunta Kanta

Zuwa ga shugabanni da injiniyoyin kamfanin da ya ƙera manhajar da ke tafiyar da kwamfutata.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya tare da iyalanku. Ban san ko akwai mai jin Hausa a ofishinku ba, amma na tabbata ba za a rasa wanda zai fassara muku ba.

Sunana Bitrus, ina zaune a Kakuri, Kaduna. Na yi ƙuruciyata a gaban injin saƙa har ranar da aka rufe masaƙarmu. Yanzu da na tsufa, ina rubuta littafi kan rayuwar da muka yi a wurin, a laftof ɗin da 'yata ta bar mini. Ina jin daɗinta ƙwarai, domin hannuna ya fara rawa da biro. Sai dai ina da kuka a kanku.

Na farko, lokacin da kuke zaɓa. A unguwarmu wuta baƙuwa ce, batirin kuma ya gaji kamar mai shi. Da an kawo wuta na buɗe kwamfuta, sai allo ya koma shuɗi, a rubuto mini cewa ana sabuntawa, kada in kashe. Haka zan zauna ina kallon ɗigo-ɗigo suna zagaye. Kafin ku gama an ɗauke wutar. A masaƙa ma ana gyaran inji, amma makaniki yakan zo ya tambayi mai aiki tukuna.

Na biyu, sabuntawar da kuka yi kwanakin baya ta tafi da haruffanmu masu lanƙwasa. Na nemi ƙ da ɗ da ɓ na rasa. Littafin da yake magana kan saƙa ya koma magana kan saka. Inda na ce aiki ya ƙare, sai ga kare a tsakiyar jimla. Sai da na hau keke zuwa Trikania wajen wata mai gyaran kwamfuta, ta tono su daga inda kuka ɓoye. Ba ta karɓi komai ba, amma ta ce in shirya, za ku iya sakewa.

Na uku shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki wannan wahala. Matata Saratu ta tafi Jos wajen 'yarmu da ta haihu, girki ya dawo hannuna. Ban taɓa sanin akwai daɗi a ciki ba sai yanzu. Na iya dafa-duka, na iya miyar kuɓewa, tuwona ma ya rage gudaji. Da na ga hannuna ya faɗa, sai na gayyaci Malam Iliya cin fate ranar Asabar ta makon jiya. Shi ne shugaban sashenmu a masaƙa, yanzu idonsa ya kusa tafiya, ƙafa ma sai da sanda. Na yi masa alkawarin zan karanta masa babin da na rubuta kan ranar da aka rufe mu, domin shi ne a tsakiyar labarin.

Ya zo, na ɗora tukunya, na zuba tsakin masara, na yanka alayyafo da yakuwa da gauta na ajiye. Wutar lantarki na nan. Na buɗe kwamfuta, sai ga ku. Na danna nan, na danna can, na roƙe ku da Hausa da Turanci. Ina cikin haka Malam Iliya, wanda hancinsa ya fi idonsa aiki, ya ce mini wani abu na kamu. Tsakin ya kama gindin tukunya. Na juye na sama a wata, na ƙara ruwa da gyaɗa, na zuba ganye. An ci, amma da ƙaurin hayaƙi, kuma rabin laifin naku ne.

Da na ga ba ku da niyyar gamawa, sai na rufe laftof na fara ba shi babin da baki, muna ci. Na zo inda na rubuta cewa shi ya kashe injin ƙarshe da hannunsa, kamar yadda kowa ke faɗa a Kakuri. Ya ajiye cokali. Ya ce shi bai kashe komai ba. An ba shi umarni, ya je gaban injin ya tsaya, hannunsa ya ƙi. Ya ɗauki hularsa ya fita ya bar shi yana tafiya, har bakin get yana jin ƙararsa. Ya ce bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa, kuma da a takarda na karanto masa da murya irin ta masu labarai, da ya yi shiru ya bar ni da kuskurena. Na gyara babin. Kada ku ɗauki wannan a matsayin godiya. Tsoho ya hau keke napep da sandarsa don a karanta masa, ba a karanta ba.

Roƙona kaɗan ne. Ku riƙa tambaya kafin ku fara, in mutum ya ce a dakata, a dakata. Ku bar mana haruffanmu inda muka ajiye su. Ku tuna akwai masu amfani da kayanku a inda wuta ba ta kwana, kuma data ba kyauta ba ce.

Ban da wannan, lafiya nake zaune da ku. Littafi na tafiya, Saratu na dawowa ƙarshen wata, Malam Iliya kuma ya ce zai sake zuwa, da sharaɗin in sauke tukunya kafin in taɓa kwamfuta.

Allah ya ƙara muku basira, ya albarkaci aikin hannunku. Na san yadda ake ji idan mutum ya je wurin aiki da safe ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Allah kada ya nuna wa ko ɗayanku wannan.

Wassalam, ku huta lafiya.

Naku,
Baba Bitrus,
Kakuri, Kaduna.