Katin da Ya Binne a Hamada

Daren Talata, Tambuwal

Yau ma na kasa karanta ko shafi ɗaya. A littattafaina, in miji ya yi tafiya, babin ƙarshe kan dawo da shi da mota da turare. Nawa yana tsare a sansanin baƙin haure a Libiya, yana roƙon a maido shi gida.

Da la'asar ya kira ni da wayar aro. Ashe tun a hamada direbansu ya sa suka binne katin shaidarsu cikin rairayi, wai wanda ba a san ƙasarsa ba, ba a iya koro shi. Yanzu jami'anmu sun je tantancewa, sun ce maganarsa irin ta mutanen Ƙonni ce, ya nemi Nijar. Na Nijar kuma sun ce ba nasu ba ne.

Na gaya wa surukina ina kuka. Baba ya ce, "Ɗiyata, ƙasa ma tana jin tsoro. Ba ta da aikin ba su, ba ta san mi suka koyo can ba. Ga daji cike da 'yan bindiga. Wa za shi buɗe ƙofa ga wanda bai shaida ba?"

Na ce ai ni na shaida shi.

Akwai abin da ban gaya wa Baba ba. Da maigidan ya yi sallama a wayar, muryar ta dushe, ta tsufa, har na ce, "Wa ke magana?"

Sai ya ce, "Har ke, Hadiza?"