Kwano Guda

Madawa, Litinin

Yaya Hajo,

Aikin farko yau: na duba ma'aunin ruwan sama, milimita tara. Na biyu, wannan takarda. Ina gaisuwa, ya mai gidanki da yara?

Na kasa kiran ki a salula, shi ya sa na ba direba takarda. Waƙar da kuka ji a rediyo ni na rubuta ta, a littafin da nake rubuta abin da zan yi kullum. Umar mai gurmi ya gani ya roƙa, na ba shi. Ban zaci zai faɗi sunana da na garinmu ba. Inna ta ji?

Ƙanenki,
Sha'ibu

Tabotaki, Laraba

Sha'ibu,

Muna lafiya. Ta ji mana! Wa bai ji ba? "Na zuba tuwo a kwano guda, na ci ina kallon bango, ba ni da kowa." A bakin rijiya maƙwabciyarta Zali ta ce mata, "Innar Sha'ibu, ashe kin rasu ba a gaya muna ba?" Mata suka kwashe da dariya. Inna ta ɗauki tulunta rabi ta koma gida.

Kai da ba ka da kowa, damina uku ba mu ga ƙeyarka ba.

Hajo

Madawa, Jumma'a

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki sau huɗu. Na duba littafina: sau sha ɗaya na rubuta "zuwa gida", ko sau ɗaya ban ja masa layin na cika ba. Tun da matata ta tafi nake jin nauyin a gan ni. Wannan ba hujja ba ce, na sani.

Zan sa Umar ya daina rera ta. Ki ba Inna haƙuri, in tana karɓa.

Sha'ibu

Tabotaki, Lahadi

Sha'ibu,

Ta ce kada ka hana shi. Jiya na leƙa na iske ta tana cin tuwo, fuskarta ga bango, tana rera waƙarka ba kuskure. Tun rasuwar Baba haka take ci, ni da ke unguwa ɗaya da ita ban sani ba. Ta ce in tambaye ka wa ya gaya maka.

Ka huta lafiya,
Hajo

Madawa, Litinin

Yaya,

Ga ayyukan gobe:

1. Barin ma'auni hannun Barmo, abokin aikina.
2. Wanki, ban gama ba.
3. Goro da sabulu.
4. Motar Buza, ta farko, daga can sai gida.

Ki ce mata ta zuba na mutum biyu, a kwanon nan.

Sha'ibu