Kula Biyu a Kan Tebur

Baban yara,

Na wuce aiki. Ban tashe ka ba don kada yara su ji mu.

Jiya matar direban ofishinku ta tare ni da godiya, wai mijinta har ya yi kumatu da wake da kifin da nake zuba maka a kula. Ashe shi kake miƙa wa, kai ka zarce wajen mai gasa nama.

Likita ya ce ka rage jan nama da na gwangwani, yawan cinsu na ƙara haɗarin kansar hanji. Ita ta ɗauke Yayanka, kai ka yi jinyarsa.

Kula biyu na ajiye. Ka ba shi tasa, ka ci taka. Ba da direba nake son in tsufa ba.